Tashar 'Yan Kwana-kwana: Ginin Da Ake Aunawa Da Sakan

Masu sauraro, idan gobara ta tashi idon kowa na kan hanya, ana jiran jiniyar motar 'yan kwana-kwana. Ba a cika tambayar daga wane irin gini motar ta fito ba, alhali tun a takardar mai zanen ginin ake fara cin lokaci ko ɓata shi.

A Amurka, ƙa'idar NFPA, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin kariya daga gobara, ta ce daga kaɗawar ƙararrawa a tasha zuwa fitar mota kada a wuce sakan 80, motar farko kuma ta isa wurin gobara cikin minti 4. Wannan ƙa'ida ake zana ginin a kanta. Ɗakin kwana na dab da rumfar motoci, takalmi da hular kwano na rataye a kan hanyar fita. Ƙofar rumfar biyu ce, gaba da baya, don kada direba ya tsaya ribas da mota mai ɗauke da ruwa. Sandar da ake zamewa a kanta daga bene, wadda aka fara amfani da ita a Chicago a 1878, gaggawar nan ce ta haife ta. Yau da yawa sun bar ta saboda karaya da targaɗe, sun koma gini na ƙasa.

Akwai kuma lafiyar ma'aikatan. A 2022 hukumar binciken cutar kansa (ciwon daji) ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya aikin kashe gobara cikin abubuwan da ke jawo cutar. Shi ya sa ake ware ɗakin wanke kayan da suka sha hayaƙi, nesa da inda ake ci da kwana.

To, mu a nan akwai abin da ya sha gaban duk wannan: ruwa. Tankin mota kan ƙare cikin 'yan mintuna, famfunan gobara na bakin titi kuwa sai an tona. Wanda ya ga yadda wuta ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ya san me nake nufi. Tashar da ba ta da rijiyar burtsatse, da babban tanki a sama, da sola ko janareto mai jawo ruwan, gareji ce kawai aka shafa wa jan fenti.

Sai filin gaban ƙofa. Ka je ka duba: mai shayi ya kafa tebur, 'yan adaidaita sahu sun jera, wani ya ajiye mota ya tafi sallah. Dole mai zane ya ware filin nan, hukuma kuma ta tsare shi. Manyan kasuwanninmu na bukatar ƙananan tashoshi a bakin ƙofofinsu, da ƙananan motocin da za su iya kutsawa lungu, kuma ya kamata shugabannin 'yan kasuwa da ƙananan hukumomi su fitar da filayen tun kafin iskar hunturu ta kaɗa.