Manomi Ba Ya Cin Irin Shuka

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

A gefen birnin Leeds, a arewacin Ingila, akwai wani tsohon gandu mai suna Temple Newsam, wanda hukumar birnin ta saya tun 1922. A cikinsa akwai gonar dabbobi da ake ɗawainiya da ita da kuɗin jama'a. Ranar hutu iyaye kan kai yara su sha kallo, kuma cikin abin da suke gani har da wasu fararen shanu masu baƙin kunne da baƙin hanci, ana ce musu Vaynol. Yaron da ya ɗare shinge yana miƙa musu ciyawa bai san cewa irinsu na daga cikin mafiya ƙaranci a duk Birtaniya ba. Asalin garken daga wani gandu ne a arewacin Wales, tun 1872. Bayan mai gandun ya rasu a 1980 aka kwashe su, suka yi ta gararamba kafin su sami mafaka a Leeds.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne wata magana da ke dawowa duk sa'ad da aljihun ƙananan hukumomin Ingila ya bushe. A 2023 hukumar birnin Birmingham ta fito fili ta ce kuɗinta ba za su ishe ta ba, ta Nottingham ta bi sahu. Doka ta tilasta musu kula da tsofaffi da yaran da ba su da gata, amma ba ta tilasta musu kiwon saniya ba. Don haka da an zauna yankan kasafi sai idanu su koma kan irin waɗannan gonaki, a ce wai wurin shaƙatawa ne kawai, a sayar da dabbobin a huta.

Wurin shaƙatawa! Rumbun iri ne fa ake magana a kai. Manomin ƙauyenmu ya san wannan ba tare da ya shiga aji ba. Ko damina ta yi gardama, ko yara sun kwana da yunwa, damin gero da ya rataye don shuka ba ya taɓa shi. Titin da ba a gyara bana ba, a gyara baɗi. Ginin da ya rushe, a sāke ɗora tubali. Amma irin dabba idan ya ƙare, ya ƙare ke nan, duk arzikin Ingila ba zai dawo da shi ba.

Kuma sun ɗanɗana. Tsakanin 1900 da 1973 Birtaniya ta rasa irin dabbobin gida 26, ciki har da shanun Suffolk Dun da na tsibirin Alderney. Ba annoba ce ta share su ba, kasuwa ce. Kowa ya koma kan saniyar da ta fi nono da ragon da ya fi saurin ƙiba, sauran aka bar su suka shuɗe ɗaya bayan ɗaya. Wannan asara ce ta sa wani manomi mai suna Joe Henson da abokansa suka kafa ƙungiyar Rare Breeds Survival Trust, mai kare irin dabbobin gida da ke neman ƙarewa, a 1973, kuma tun daga lokacin ba a sāke rasa iri ko ɗaya ba.

Masu lissafi za su ce a bar wa 'yan kasuwa. To ai kasuwar ce ta kashe na farko, yaya za a ba kura ajiyar nama? Wasu su ce masu kiwon sha'awa za su riƙe. Allah ya saka musu, suna ƙoƙari ƙwarai. Sai dai mai sha'awa yana tsufa, yana mutuwa, magada su kira dillali. Shanun Vaynol ɗin nan ai rasuwar mutum ɗaya ce ta jefa su cikin gararamba. Akwai kuma masu cewa a daskarar da maniyyin bijimai a ɗakin bincike, shi ke nan. A daskarar, ba laifi. Amma kwalba ba ta haihuwa. In babu saniyar da za ta ɗauki ciki, babu makiyayin da ya san halinta, me aka adana?

Wani zai tambaya, ina amfanin saniyar da nononta bai kai rabin na Holstein, irin shanun Turawa masu yawan nono, ba? Ku duba Amurka. Kusan duk bijiman Holstein na can, in aka bi salsalarsu ta wajen uba, ga bijimai biyu kacal take tuƙewa, waɗanda aka haifa a shekarun 1960. Ranar da wata cuta ko zafin da ke ƙaruwa ya gano lagonsu, wurin wa za a je neman sabon jini? Wurin waɗannan da ake raina wa. A tsibirin North Ronaldsay na Scotland, tun 1832 aka gina katanga aka killace tumaki a bakin teku, har cikinsu ya saba da ciyawar teku, da ita suke rayuwa. Wane masani ne zai ƙera irin wannan tunkiya in ta ɓace? Kuma a 2001, da cutar baki da kofato ta ɓarke, an hallaka dabbobi sama da miliyan 6 a Birtaniya. Irin da ya rage a garke ɗaya ko biyu, kwana guda ya isa a gama da shi. Ƙarin gonaki ake bukata, su kuwa suna maganar ragewa.

Na yarda ba kowace gonar hukuma ce ta cancanci yabo ba. Wadda ta koma wurin shan shayi da lilon yara, da 'yan awaki biyu don ado, ban da hujjar kare ta. A tambaye ta 'yan maruƙa nawa ta samar, a rajistar wane iri ta rubuta su. Wadda kuwa take aikin, a sa kuɗin shiga daidai ƙarfin mutane, a sayar da nama da ulu, a raba garken gida biyu ko uku, amma kada a kai shi mahauta don a cike giɓin shekara ɗaya.

Mu ma kada mu yi kallon nesa. Shanun Kuri na Tafkin Chadi, farare masu kumburarrun ƙahoni da ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri, suna ta raguwa, tafkin ya ja baya, barbara da sauran shanu tana narkar da jininsu. Nijar na da cibiyar Toukounous ta shanun Azawak da cibiyar jar akuya a Maraɗi, Najeriya na da cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya. Duka da kuɗin gwamnati suke numfashi. 'Yan majalisarmu, idan kasafin noma ya zo gabanku, ku buɗe shafin waɗannan cibiyoyi, ku tambayi nawa aka ware wa abincin dabbobin da allurarsu, kuma nawa ya isa hannun mai kiwon.