Lacca: Baƙin haure a shafukan jaridu

Assalamu alaikum. Abu uku na zo da su, in lokaci ya bari. Na can baya, kuna jina? To, madalla.

Na farko, harshen jarida yana juyawa. A 2015 jaridar Bild ta Jamus har gangami ta yi na a taimaki 'yan gudun hijira. Bayan cin zarafin matan da aka yi a birnin Kolon daren shiga 2016, wanda aka zargi baƙi da aikatawa, sai jaridun Jamus da dama suka sauya baki. A Ingila kuwa, wata marubuciya a jaridar The Sun ta kamanta masu tsallaka teku da kyankyasai. Mutane fa, 'ya'yan wasu!

Amma ga wanda ya fi ci mini rai. Ku riƙe wannan watan, Oktoban 2013. Ranar 3 ga wata jirgin ruwa ɗauke da baƙin haure ya nitse kusa da tsibirin Lamfedusa na Italiya, mutum sama da 360 suka rasu. Aka jera akwatunan gawa, 'yan jarida suka cika wurin, Turai ta girgiza. Kuma ya kamata ta girgiza. To, a ƙarshen wannan watan dai, wannan watan, aka tsinci gawa 92 a hamadar Nijar, kusa da iyakar Aljeriya. Yawanci mata da yara, da yawansu daga yankin Kance. Motocinsu ne suka lalace bayan sun bar garin Arlit na arewacin Nijar, ƙishirwa ta kashe su. Kance fa, ƙasar Damagaram, Hausawa ne. An ba da labarin, Nijar ta yi makoki na kwana uku, daga nan shiru. Me ya sa? Kyamara tana bakin teku, inda Turawa ke jin an taɓa ƙofarsu. Waɗannan ko Turai ba su nufa ba.

Na uku... Bari, ga hannu can. Bismilla, Hajiya.

(Tambaya: Malam, jaridunmu fa?)

Allah ya saka da alheri, Hajiya. Mafi yawan lokaci daga kamfanonin dillancin labarai na Turai muke kwasowa, da hotonsu da komai. Alhali a Agadas akwai jaridar Aïr Info, direbobin hamada a unguwarsu suke. Editocin da ke zauren nan, ku nemi 'yan jaridar can kafin ku buga.