Wataƙila Ba Ɗaya Ba Ce: Yadda Mai Turanci Yake Auna Shakkarsa

Masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Yau za mu duba kalmomin da mai Turanci yake faɗa idan ba shi da tabbas. Masu koyo da yawa sun kama kalma ɗaya, "maybe", duk inda Bahaushe zai ce wataƙila sai su ɗora ta. Za a gane ka, amma kowace kalmar shakka a Turanci da nauyinta, kuma mai sauraro da nauyin yake aiki.

A ce an tambaye ka ko Malam zai zo ɗaurin aure gobe. Idan ka ce "He will probably come", ka nuna zuwansa ya fi rashin zuwansa ƙarfi, har ana iya ajiye masa kujera. Idan ka ce "Maybe he will come", abin ya rabu biyu, kai ma ba ka karkata ko'ina ba. "Perhaps" nauyinsu ɗaya da "maybe", sai dai ta fi zama a rubutu da kuma bakin mutanen Ingila. "Possibly" kuwa tana ƙasa da su: zai iya yiwuwa, amma kada a dogara.

Wannan awo har gwamnatoci ya dama. A 1964 wani jami'in hukumar leƙen asirin Amurka mai suna Sherman Kent ya rubuta takarda a kai, don ya lura manya suna karanta kalma ɗaya a rahoto, kowa da adadin da ya fahimta. Ya ba da shawarar "probable" ta tsaya wajen kashi 75 cikin 100, "almost certain" kuma wajen kashi 93. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi ma yana da nasa ma'auni: "likely" daga kashi 66 zuwa sama, "very likely" daga kashi 90. A hira ta yau da kullum babu mai ƙirga, amma jerin haka yake.

Sai wurin da kalmar take zama, inda ake yawan tuntuɓe. "Maybe" ta fi son farkon jimla. "Probably" tana bin bayan "will" idan maganar eh ce: "She will probably call". Idan maganar a'a ce sai ta koma gaba: "She probably won't call". Ku kuma lura da rubutu. "Maybe" a haɗe kalma ɗaya ce mai ma'anar wataƙila. "May be" a rabe aikatau ne: "He may be sick". Wanda ya rubuta "He maybe sick" ya bar jimlarsa babu aikatau.

Yanzu ga "may", "might" da "could". Dukkansu suna nuna yiwuwa, kuma aikatau da ke bin su ba ya ɗaukar komai, ba "to", ba "s". "It might rain", shi ke nan. Idan abin ya riga ya wuce, sai a saka "have": "He might have forgotten", wato ƙila mantawa ya yi. Za ku ga wasu suna rubuta "might of" saboda haka yake fita a baki. Kuskure ne, kada ku kwaikwaya. Idan kuma hujja ta kai ka kusa da tabbas, misali ka ga takalminsa a ƙofa, sai ka ce "He must be inside". Kishiyarta "He can't be inside" ce. "Mustn't" hani ce, ma'anarta kada ya kuskura.

Akwai wata ɗabi'a ta Turanci da ta yi daidai da bakin Bahaushe. Mukan ce "ba na jin zai zo". Shi ma Bature a kan "think" yake ɗora korewar: "I don't think he will come". Gajeriyar amsa ita ce "I don't think so". Amma "hope" ba ta bin wannan hanya; "I hope not" ake cewa. Ba'amurke ya fi cewa "I guess", mutumin Ingila "I suppose", kuma sau da yawa su biyun yarda ce ta wanda ransa bai so ba.

Babban tarko shi ne "no doubt". A ido ta yi kama da babu shakka, amma idan aka ce "No doubt he will call", ana nufin ana kyautata zato ne kawai. Mai son nuna tabbas sai ya ce "without a doubt" ko "definitely". Ita kuwa "I doubt it" ita ce anya ɗinmu: ka fi karkata ga cewa ba zai faru ba. Haka nan "I'm not sure" rashin sani ne, amma da zarar an ƙara "so" aka ce "I'm not so sure about that", ai musu ne cikin ladabi. Idan shugabanka a ofis ya faɗa maka haka, bai yarda da shawararka ba, kunyarka ya ji.

Sai ɗan wai ɗin nan namu. Idan labari ji ka yi, ba ka gani ba, kalmar ita ce "apparently": "Apparently the shop has closed", wai an rufe shagon. Wasu suna zaton tana nufin a bayyane yake, alhali wannan aikin "obviously" ne. "Supposedly" wai ce mai ɗauke da taɓe baki, mai faɗa bai gaskata ba. "Allegedly" kuma ta 'yan jarida da lauyoyi ce, ana saka ta a kan zargin da kotu ba ta tabbatar ba tukuna, shi ya sa za ku ji ta a labarai duk lokacin da aka kama wani.