Larabcin Littafi da Larabcin Titin Alƙahira

Hajiya: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Auta ne ya kawo maganar, don ya samu gurbin karatu a Jami'ar Azhar da ke Alƙahira, kuma tun shigowarsa na ga akwai abin da ke cin sa.

Auta: Wallahi Hajiya akwai. Da na je sallama wajen malamina, nasihar da ya fi nanata mini ita ce in kiyaye harshena, kada in yarda in koyi Ammiyya, wato Larabcin da mutanen Masar ke yi a titi. Ya ce tana lalata Fusha, wato Larabcin littafi. Ustaz, kai da ka zauna can, haka ne?

Ustaz: Da wannan nasihar ni ma na sauka Alƙahira, kuma na riƙe ta gam. Satina na farko na tare wata ƙaramar bas zan koma Madinatul Bu'us, masaukin ɗalibai baƙi da ke Abbasiyya. Na gyara murya, na gaya wa direba inda za ni da Larabcin da na koya, da wasullansa cif. Ya dube ni ya ce, "Sadaƙallahul azim." Motar ta ɗauki dariya. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin shekara tara na yi ina karatun nahawu. Daga ranar na kama bakina, na fi wata shida ba na doguwar magana da kowa sai 'yan gida.

Hajiya: Wulaƙanci ne ya yi niyya?

Ustaz: Daga baya na gane ba shi ba ne. A kunnensa, wannan harshen na mumbari ne da labaran talabijin. Ba ya jin sa a bakin fasinja. Su mutanen Alƙahira, harafin jimun ma "g" suke furta shi, shi ya sa ake cewa Gamal Abdel Nasser. Ƙafun kuwa haɗiye shi suke yi, ƙahwa ta koma ahwa, ƙalb ya koma alb, sai a 'yan kalmomi irin su Ƙur'ani da sunan birnin kansa. Burodi ba sa cewa khubz, aish suke cewa, wato rayuwa. Ka je gidan burodi da asuba ka ga layin mutane, za ka san dalilin sunan.

Auta: To amma ni karatu ya kai ni, ba hira da direbobi ba. In dai malaman suna Fusha, mene ne nawa da sauran?

Ustaz: Nan ne aka fi yaudarar sabon zuwa. Shehi zai karanta matanin da Fusha tsantsa, amma da ya zo sharhi, ya ga fuskoki ba su gane ba, sai ya zame zuwa Ammiyya, kuma a nan ne ake warware wurin da ya ɗaure. Ka saurari tafsirin Sheikh Sha'arawi, wanda ya rasu a 1998. Babu mai shakkar Larabcinsa, amma haka yake cuɗa biyun don talaka ya fahimta. Shekarata ta farko ina zaune a darasi, rabin bayanin yana wuce ni.

Hajiya: Ni kuma bari in faɗi nawa, don ba karatu ya kai ni ba. Mahaifiyata na kai aikin gwiwa. Likitoci ba matsala, da Turanci suke karatun likita a can. Da rana kuma akwai wani ɗalibi ɗan gida da ke yi mana tafinta, Allah Ya saka masa. To dare fa? Ƙarfe biyu Inna ta farka tana murƙususu, na kira nas, ta zo tana ta tambaya, "Fen? Fen?" Ni ban san "ina ne" take nufi ba. Ina nuna ƙafa, ashe ciwon a ciki yake. Na tsaya ina kallon uwata tana hawaye, bakina a buɗe amma ba amfani. Washegari na sa yaron ya rubuta mini kalmomi a bayan takardar magani: mayya ruwa, dawa magani, waga' ciwo, dilwa'ti yanzu. Ranar da na ce wa nas ɗin nan "izzayyik", wato yaya kike, sai da ta ajiye tiren hannunta ta rungume ni.

Ustaz: Ai mun san wannan a gida. Dubi Kwarorin Kano, ko Inyamuran Sabon Gari. Mutum ya ce maka "ina kwana, yaya iyali", sai ka ji ciniki ya yi daɗi tun ba a fara ba.

Hajiya: Amma mu in mun fita, sai mu dunƙule a Hayyul Ashir, wata unguwa a Alƙahira, a ci tuwo tare, a yi Hausa tare, shekara huɗu.

Ustaz: Zaman tare ba laifi ba ne, tsohon abu ne. Tun wajen 1242 mutanen Kanem suka biya aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Alƙahira don ɗalibansu da mahajjata, kuma a masallacin Azhar an daɗe da ware wa Barebari nasu sashen. Baƙo yana buƙatar nasa. Abin da nake ƙi shi ne a raina harshen masu gari. Na sha jin ɗalibi yana cewa Larabcin jahilai ne. Mutum sama da miliyan 100 ke kwana su tashi da shi, da shi uwa ke lallashin ɗanta, da shi ake ta'aziyya. Ka zauna a ƙasarsu, ka sha ruwan Nilu, sannan ka kira bakinsu na jahilai?

Auta: Amma Ustaz, kada mu watsar da maganar malamina baki ɗaya. Na taɓa jin wanda ya dawo yana huɗuba, Larabcin duk ya cakuɗe.

Ustaz: Gaskiyarka, yana faruwa, kuma tsoron malaminka yana da tushe. Wanda ya bar karatu a bayyane, ya bar bitar Alfiyya, littafin nan na nahawu, ya koma zaman shagon shayi kullum, harshensa zai karkace. Ni abin da ya taimake ni, kowace safiya sai na karanta shafi biyu da ƙarfi da i'irabinsu kafin in fita. In na fita kuwa, da na gari nake yi. A ofishin iƙama ma, inda ake karɓar takardar izinin zama, za ka ga bambancin, wanda ya iya cewa "lau samaht ya basha", wato don Allah ranka ya daɗe, ba ya daɗewa yana zagaye tagogi bai san me ake ce masa ba.

Auta: To ba ni na farko. Ina cikin bas, na iso inda zan sauka, me zan ce?

Ustaz: "Ala gamb, yasta." Wato tsaya a gefe, direba.

Auta: Ala janb...

Hajiya: Gamb, Auta. Sake faɗa, yanzu za ka wuce Abbasiyya.

Auta: Ala gamb, yasta.