Daga Sha Tin: likitan da ya gano DNA ɗin ɗan tayi a jinin uwa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ina Sha Tin, a Hong Kong, kuma wannan ginin da kuke gani a bayana shi ne Asibitin Prince of Wales, asibitin koyarwa na Jami'ar Sin ta Hong Kong. Ba zan shiga da kyamara ba, wurin marasa lafiya ne. Ku yi haƙuri da ƙarar motoci. Na kawo ku nan ne saboda Farfesa Dennis Lo, wanda ya yi mafi yawan aikinsa a harabar nan. Duk matar da aka ɗebi jini a hannunta tana da ciki, aka duba DNA ɗin ɗan tayin daga wannan jinin, to ta ci moriyar aikinsa ko da ba ta taɓa jin sunansa ba.

A nan Hong Kong aka haife shi a 1963. Ya tafi Ingila karatun likita, ya fara a Cambridge, ya ƙarasa a Oxford. A lokacin, in ana so a san ko ɗan tayi yana da matsala a ƙwayoyin halittarsa, sai an soka doguwar allura ta cikin mace an zuƙo ruwan da yake kwance a ciki, ko a gutsuro ɗan yanki daga mabiyiya. Gwajin yana ba da amsa, amma akwai ɗan haɗarin ɓari. Ku kwatanta matar da ta shekara da shekaru tana neman haihuwa, a ce mata ga allura, ga haɗarin. Tun yana ɗalibi Lo ya sa wa ransa sai ya samo amsar daga jinin hannu.

Ya koyi wata sabuwar dabara ta lokacin, PCR, wadda ke ɗaukar ɗan guntun DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadon halitta, ta yi ta kwafarsa har ya yi yawan da za a gane shi. Hikimarsa mai sauƙi ce: cikin ƙunshe-ƙunshen DNA da ake kira kuromosom akwai na Y, wanda mace ba ta da shi, na maza ne. Saboda haka in ka ga alamar Y a jinin mai ciki, ka san daga yaron cikinta ta fito. A 1989 ya wallafa sakamakon farko a mujallar Lancet. Sai dai shi da sauran masu bincike duk ƙwayoyin jikin ɗan tayi suke farauta a cikin ƙwayoyin jinin uwa, kuma waɗannan ƙwayoyin 'yan ƙalilan ne ƙwarai. Yau a samu, gobe a rasa. Kusan shekara takwas yana wannan fama.

To ku saurari nan, don nan ne labarin yake. In an zuba jini a kwalbar gwaji aka juya shi a inji, yakan rabu: ƙwayoyin su kwanta a ƙasa ja wur, wani ruwa mai kalar rawaya-rawaya ya taso sama. Wannan ruwan na sama, filasma, masu neman ƙwayoyin ɗan tayi ba su damu da shi ba, gefe ake ajiye shi. A 1996 aka wallafa bincike biyu a mujallar Nature Medicine da suka nuna cewa ciwon daji yana zubar da gutsattsarin DNA ɗinsa cikin wannan ruwan. Lo ya karanta, ya ce to, in ƙari ɗan ƙarami zai iya haka, yaya jariri sukutum da mabiyiyarsa? Ba shi da kuɗin manyan kayan aiki. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin cewa dafa taliyar leda ce ta kawo masa dabara: ya tafasa filasman na minti biyar, ya ɗebi ɗigo ya gwada. Cikin mata 30 masu ɗauke da ɗa namiji, alamar Y ta fito a 24. Cikin 13 masu ɗauke da mace, ko ɗaya ba ta fito ba. Lancet ta buga wannan a 1997, shekarar da Birtaniya ta miƙa Hong Kong ga Sin, kuma a shekarar ya tattara ya dawo gida.

Ni abin da ke burge ni shi ne bai tsaya murna ba, sai ya shiga aikin da ba ya kawo suna: aune-aune. Nawa ne DNA ɗin? Yaushe yake ɓacewa? A 1999 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa bayan haihuwa, cikin kusan minti 16 rabinsa ya bar jinin uwa. Wannan ƙaramin lissafi yana da nauyi, domin yana nufin ragowar cikin baya ba zai rikita gwajin cikin yanzu ba. Kafin nan, a 1998, sun nuna ana iya gane rukunin jinin Rhesus na ɗan tayi ta wannan hanya.

Bari in matsa inuwa, zafin garin nan da gumi yake tafe. Yawwa.

Babban ƙalubalen shi ne lalurar Down, inda yaro ke da kuromosom na 21 guda uku maimakon biyu. A nan dabarar Y ba ta aiki, don uwa ma tana da na 21, kuma nata DNA ɗin ya rinjayi na ɗan nesa ba kusa ba. Sai suka koma ƙidaya. A ce kashi 10 cikin 100 na DNA ɗin filasma na ɗan tayi ne. In yana da ƙarin kwafi ɗaya, gutsattsarin na 21 za su ƙaru da kashi 5 cikin 100 kacal. Kafin ka ga wannan ɗan bambanci sai ka karanta miliyoyin gutsattsari, ka jera kowanne a gidansa. Sai da sababbin injinan karanta DNA suka zo abin ya yiwu. A 2008 shi da Farfesa Rossa Chiu suka wallafa nasu, ayarin Stephen Quake na Stanford a Amurka ma suka fitar da irinsa a shekarar. A 2011 gwajin ya shiga asibitoci.

'Yan uwa mata, a kula: gwajin tantancewa ne. In ya nuna akwai matsala, likita zai nemi a tabbatar da gwajin allura kafin a yanke wata magana. Kuma abin yana da ɓangaren da ba daɗi. Tun da yana nuna jinsi da wuri, an sha kama masu fasa-ƙwaurin jinin masu ciki daga babban yankin Sin zuwa nan, domin can doka ta hana duba jinsi ba da dalilin lafiya ba.

Daga baya Lo ya juya kan ciwon daji, musamman na bayan hanci, wanda ya yi yawa a kudancin Sin kuma yake da alaƙa da ƙwayar cutar Epstein-Barr. Shi da Farfesa Allen Chan suka gwada jinin maza 20,174 da ba su da wata alamar ciwo, suna neman DNA ɗin ƙwayar cutar. Sakamakon da suka fitar a 2017 ya gano mutum 34 da ciwon, kuma kusan kashi 70 cikin 100 nasu yana matakin farko ko na biyu, lokacin da magani ya fi kamawa.

Kyaututtuka kam ya sha su, har da Breakthrough ta 2021 da Lasker ta 2022, kuma tun watan Janairun 2025 shi ne shugaban jami'ar baki ɗaya. Babbar harabar tana can kan dutse, tana kallon tekun Tolo. Yanzu zan kama jirgin ƙasa in haura can, in nuna muku ita a bidiyo na gaba. Sai mun haɗu.