Kwana a Kan Bahar Maliya

Hajiya: Assalamu alaikum jama'a. Tun makon jiya gurup ɗinmu na WhatsApp bai huta ba, kowa sai turo hoton Aroya yake, jirgin ruwan yawon shaƙatawa na Saudiyya. To ga Kawu mun kamo muku shi, mu ji daga bakinsa mu yanke hukunci, a je ko kada a je.

Kawu: Na shiga, na kwana, na ci na ƙoshi. Jirgin nan unguwa ce guda a kan ruwa, mutum sama da 3,000 yake ɗauka. A Disambar 2024 ya fara tashi daga nan Jidda. Ba giya, ba caca, shi ya sa ma Gwaggonku ta yarda ta bi ni.

Auta: Amma Kawu, kuɗin fa? Ni da riyal kaɗan sai in hau ƙaramin kwalekwale a Abhur, in sha iska in dawo gida.

Kawu: Kai yaro, Abhur ai gefen gari ne, kana jin hon ɗin motoci. Daɗin abin shi ne dare. Jirgi na fita kana hango ruwan nan na Sarki Fahad yana feshi sama, can sai fitilun Jidda su ɓace gaba ɗaya. Ni a nan na tuna kakanmu. Da ƙafa suka taso daga Kano za su aikin hajji, suka yi shekaru a Sudan suna noma suna tara guzuri, sannan suka hau jirgin katako daga Sawakin, ana ta salati har a ga tudu. Tekun nan dai! Yau jikansa na kwance da na'urar sanyi, ana tambayarsa kifi ko kaza.

Hajiya: Allah Ya jiƙan magabata. Kawu, faɗa musu batun alƙibla.

Kawu: Ke Hajiya, sai kin tono?

Hajiya: Ai Gwaggo ta riga ta faɗa wa kowa!

Kawu: To, a Jidda gabas muke kallo, ko ba haka ba? Amma jirgin da ya nufi Aƙaba ta ƙasar Jordan arewa yake yi, Makka sai ta koma wajen kudu. Wani dattijo a masallacin jirgin ya kafe shi dai gabas ya sani.

Auta: Wani dattijo, ko Kawu?

Kawu: Na ce wani dattijo.

Auta: Mai hula irin wannan?

Hajiya: Mai carbi ja?

Kawu: Ku dai Allah Ya shirye ku. Hula ai ba ni kaɗai nake da ita a Jidda ba.

Auta: Har da tabon shayi a gaban riga?

Hajiya: Kai, lokaci ya tafi. Mun ce za mu yanke hukunci, a je ko kada a je.

Kawu: A je mana, a dai riƙe maganin jiri.

Auta: Ni sai an biya min.

Hajiya: Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.