Lambatun Masu Haƙar Kuza a Tudun Dartmoor

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro. Sharhinmu na yau zai kai mu gundumar Devon da ke kudu maso yammacin Ingila, kan wani tudu da ake kira Dartmoor. Fili ne fetal, daga ciyawa sai duwatsu sai hazo, ga tumaki da ƙananan dawakai suna kiwo babu makiyayi. Duk wanda ya ratsa wajen da ƙafa zai riƙa cin karo da wasu 'yan siraran magudanan ruwa, waɗanda taku ɗaya ya isa a tsallake, sun zagaye gefen tudu kamar an ɗaura masa ɗamara. Wasu har yau ruwa na gudu a cikinsu. Galibinsu kuwa sun ƙafe, ciyawa ta rufe su, sai rana ta karkata inuwa ta fito da shatinsu.

Da dama daga cikinsu aikin masu haƙar kuza ne, sana'ar da rubuce-rubuce suka nuna ana yin ta a wajen tun ƙarni na 12. Mai neman kuza kuwa, kafin ya tambayi inda arzikin yake kwance, sai ya fara tambayar inda zai samo ruwa.

Dalili shi ne nauyin kuza ya ninka na yashi fiye da sau biyu. Kun ga yadda uwargida ke rege shinkafa, tana juya ƙwarya a hankali har tsakuwa ta zauna a ƙasa? To haka aikin yake, sai dai a nan abin da ya zauna a ƙasan shi ake so. A saki ruwa kan ƙasar da aka farfasa, ya kwashe laka da yashi ya yi gaba, ya bar baƙar kuza a kwance. Idan kuzar tana can saman tudu inda babu rafi, dole a kai mata ruwan. Sai su koma can sama inda rafi ya fi wurin aikin tudu, su tare shi da duwatsu, su haƙa masa hanya tana bin gefen tsauni da ɗan gangare kaɗan. Gangaren ya yi yawa, ruwa ya zaizaye hanyar. Ya yi kaɗan, ruwa ya kwanta ya ƙi tafiya. Da shebur da diga da ido aka daidaita wannan, har mai kallo daga nesa ya rantse ruwan hawa tudu yake yi. Magudanar da ta shayar da mahaƙar Vitifer ta yi tafiyar wajen mil 7. Da tafiya ta yi tafiya, ruwan nan ne ya riƙa juya manyan ƙafafun katako masu ɗaga taɓaren daka dutse da zuga wutar narka kuza.

Amma ruwan da ya wanke wa wani arziki, laka yake kai wa na ƙasa da shi. Dagwalon ya riƙa gangarawa yana cike mashigin jiragen ruwa a bakin teku. A 1512, ɗan majalisar dokokin Ingila mai wakiltar garin Plympton, Richard Strode, ya kawo ƙudurin taka wa masu haƙar birki. Ashe ya taɓo gidan rina. Masu kuza suna da kotunansu da majalisarsu da ke zama a fili kan dutsen Crockern Tor, har da kurkukunsu a Lydford. Suka ci shi tarar fam 160, ya ƙi biya, suka jefa shi kurkuku ya yi mako uku. Da ya fito majalisar dokoki ta kafa dokar da ta hana a hukunta ɗan majalisa kan abin da ya kawo a zaurenta. Ku duba fa, jama'a: ɗaya daga cikin tushen kariyar da 'yan majalisa ke taƙama da ita, rigimar laka ce ta haife shi.

Mahaƙar kuza ta ƙarshe a Dartmoor, Golden Dagger, ta tsaya a 1930. A lokacin kuwa kuzar Jos na tashe, kuma mutanen Bukuru da Barikin Ladi da Naraguta ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani. Kakanninmu sun ɗauki ƙasa da kwanon sarki zuwa bakin ruwa, kuma matsalar ta ma fi tsanani a nan, domin Dartmoor ba ta rabuwa da ruwan sama, Filato kuwa tana da rani na watanni. Shi ya sa kamfanoni suka gina madatsai suka ja magudanai, aka kuma kafa tashar lantarki a Kurra domin injinan mahaƙa.

A ganina inda muka yi sakaci shi ne lissafi. Turawa sun bi lambatunsu sun auna, sun sa a taswira, da dama kuma doka na kare su. Namu kududdufan kuwa, wasu suna cin rayukan yara da dabbobi, wasu kuma su ne rumbun manoman rani. Yanzu haka a bakin tsohon ramin kuza a yankin Bukuru, akwai manomin da ya tayar da injin ban-ruwa, yana bin kwamin kabeji da tumatir da fartanya, yana buɗe wa ruwa hanya.